Yadda ruwan sukari ke auna radiyeshin mai ƙarfin gaske

A unguwar Nyanshegu da ke Tamale a arewacin Ghana, kamar sauran unguwannin garin, ba a rasa mai shayi a bakin titi da kantin magani a kusa da shi. A teburin mai shayi akwai gwangwanin sukari. A kantin magani akwai sirinji cikin leda, da safar hannu ta likita, da bandeji. Wanda ya juya bayan ledar sirinji zai ga wani ɗan akwati da aka buga STERILE a cikinsa, a gefe kuma ko dai harufan EO, ko harafin R shi kaɗai. EO na nufin da wata iskar gas aka kashe ƙwayoyin cutar da ke jikin sirinjin. R kuwa na nufin radiyeshin aka haska masa yana cikin ledarsa a rufe.

Ma'aikaciyar jinya da ke yi wa yaro allura da wannan sirinji ba ta da hanyar sanin ko radiyeshin da aka haska ya kai yadda ake bukata. Ba ya barin wari, ba ya barin launi, ledar ma ba ta yin zafi. Ta yarda ne kawai cewa a masana'antar da aka yi aikin wani ya auna, kuma awonsa daidai ne. Cikin abubuwan da masana kimiyya suka gwada domin yin wannan awo akwai sukarin da ke cikin gwangwanin mai shayi, a narke cikin ruwa.

Ana auna radiyeshin da abu ya sha da wani mizani mai suna gire, wanda ake taƙaita shi da Gy, an kuma raɗa masa sunan ne daga Louis Harold Gray, wani masanin kimiyya ɗan Ingila. Gire ɗaya shi ne jul ɗaya na ƙarfi a kowane kilo na abin da aka haska. Idan mutum ya sha gire 4 zuwa 5 a duk jikinsa lokaci guda, kuma bai samu kulawar asibiti ba, kusan rabin waɗanda hakan ya same su ba sa wuce 'yan makonni. Sirinjin can na kantin magani, adadin da aka saba ba shi shi ne gire 25,000, wato kilogire 25. Ya ninka abin da ke kashe mutum sau dubu biyar. Duk da haka, da ruwa ne ya sha wannan adadi, zafinsa zai ƙaru ne da digiri 6 kacal a ma'aunin salsiyos, abin da ya sa robar sirinji ba ta narkewa. Radiyeshin yana tsinka ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙwayar cuta ne, har ta kasa hayayyafa.

Tsakanin waɗannan adadi biyu akwai amfanin gona, kuma nan ne maganar ta shafi kasuwannin Tamale kai tsaye. Gire 50 zuwa 150 sun isa su hana doya da albasa da dankali tsiro a ajiya. Ɗaruruwan gire, ƙasa da dubu ɗaya, suna maganin ƙwarin wake da na masara har da ƙwayayensu. Busasshen barkono da citta da sauran kayan yaji, waɗanda ake shanyawa a ƙasa su kwashi ƙura, su kan bukaci kilogire da dama, har zuwa goma. A 1980 wani kwamitin haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ya yanke cewa abincin da aka haska har zuwa kilogire 10 ba shi da wata guba da za ta cutar da mai ci. Hasken gamma da ake amfani da shi yana ratsa abincin ya wuce, ba ya mayar da shi mai fitar da radiyeshin.

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗauko albasa daga Galmi a Nijar, ya bi ta Bolgatanga da Tamale zuwa Kumasi ko Accra, ya san asarar da tsiro da ruɓa suke jawowa. Mai wake ma ya san abin da ƙwari ke yi wa buhu cikin 'yan watanni, kuma ya san maganin da ake zubawa don a tsere wa hakan. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Haska amfanin gona na ɗaya daga hanyoyin da ake nema su maye gurbin irin wannan magani.

Inda ake haskawa

A Ghana wurin yin wannan aiki yana Kwabenya, a arewacin Accra, a harabar Hukumar Makamashin Nukiliya ta ƙasar. An kafa hukumar a 1963, Kwame Nkrumah kuma ya aza harsashin cibiyar nukiliyar a watan Nuwamba na 1964. Ɗakin haska kaya da gamma ya zo ne shekaru talatin bayan haka, a 1994. Najeriya na da irinsa a Sheda, kusa da Abuja. Daga Tamale zuwa Kwabenya tafiyar kilomita ɗari shida ce da 'yan kai.

Tushen hasken a irin waɗannan wurare wani ƙarfe ne mai suna kobalt-60, da ake rufewa cikin sandunan bakin ƙarfe. Ɗakin na da katangar kankare mai kaurin gaske. A manyan wurare sandunan na zaune ne a ƙasan wani tafki mai zurfi, ruwan na tare hasken. Idan an jera kaya an kulle ƙofa, sai a ɗago su sama su haska, in lokaci ya cika a mayar da su.

Mai karatu na iya cewa, to ai agogo ya wadatar: a san ƙarfin sandunan, a ƙidaya sa'o'i, shi ke nan. Abubuwa biyu ne suka hana. Na farko, kobalt-60 yana raguwa da kansa, rabin ƙarfinsa na tafiya duk shekara 5.27, kusan kashi ɗaya cikin ɗari ke nan kowane wata. Sa'o'in da suka isa a bara ba za su isa bana ba. Na biyu, kaya ba sa shan hasken daidai wa daida. Gefen kwalin da ke fuskantar sandunan ya fi sha, tsakiyarsa ta fi ƙarancin samu, kuma kwalin doya mai nauyi ya fi kwalin auduga tare haske. Idan tsakiyar kwali ba ta samu isasshe ba, ƙwayar cuta ta tsira. Idan gefe ya sha fiye da kima, roba ta yi rauni, doya ta yi saurin ruɓewa. Saboda haka ake cusa ƙananan ma'aunai a wurare daban-daban cikin kayan, su sha abin da kayan suka sha, bayan an gama a ciro su a karanta. Sunan irin wannan ma'auni dosimita.

Ɗan katin da ma'aikatan ɗakin hoton ƙashi a asibiti ko ma'aikatan haƙar yuraniyom a Arlit suke maƙalawa a riga shi ma dosimita ne, sai dai an yi shi ne don ɗan ƙaramin adadi. A ɗakin kobalt zai cika ya daina ƙirga tun aikin bai yi nisa ba. Babban adadi na da nasa ma'aunan. Mafi tsufa shi ne na Hugo Fricke, wanda aka fara bayyanawa a 1927: ruwa mai gishirin ƙarfe da asid, wanda ke aiki sosai tsakanin gire 40 da 400. Shi ya dace da doya da albasa, amma bai kai ko kusa da adadin sirinji ba. Akwai 'yan ɓallin roba masu launi da ke ƙara duhu idan sun sha haske. Akwai wani haɗin barasa da sinadarin kulorobenzin da aka ƙirƙiro a Zagreb. Akwai kuma alanin, wanda shi ne abin dogaro a manyan ɗakunan awo na duniya, amma karanta shi sai da na'ura mai tsadar gaske. Kusan dukkansu daga waje ake sayo su da kuɗin waje, wasu kuma suna da wa'adin lalacewa. Cibiyar da ke aiki da kasafin gwamnati a Afirka ta Yamma ta san zafin wannan. Sukari kuwa yana kowace kasuwa, masana'antu na tace shi har tsabtarsa ta zarce kashi 99 cikin ɗari, ba guba ba ne, kuma yadda yake shan gamma bai yi nisa da yadda naman jiki da abinci suke sha ba.

Abin da ke faruwa cikin kwalbar

Sukari na da wata ɗabi'a da masana'antun sukari suka daɗe suna cin moriyarta: yana murɗa haske. A ɗauki misalin igiya da aka zura ta tsakanin karan danga biyu da ke tsaye. Idan aka kaɗa ta sama da ƙasa, motsin zai wuce. Idan aka kaɗa ta hagu da dama, karan za su tare shi. Hasken fitila na kaɗawa ne ta kowace fuska, amma akwai gilashin da ke yin aikin dangar nan, ya bar mai kaɗawa ta fuska ɗaya kawai ya wuce. Idan wannan tataccen haske ya bi ta cikin ruwan sukari, sai ya fito fuskar kaɗawarsa ta karkata zuwa dama. A ɗaya ƙarshen akwai gilashi na biyu da ake juyawa har a gano digiri nawa hasken ya karkata. Na'urar da ke yin wannan ita ce folarimita. Bafaranshe Jean-Baptiste Biot ne ya gano a 1815 cewa wasu ruwaye na murɗa haske haka, daga baya abin ya zama hanyar tantance ingancin sukari a ciniki.

Lissafin a tsaye yake. Giram 26 na tsabtataccen sukari a cikin ruwan da ya cika mililita 100, a bututu mai tsawon santimita 20, yana karkata hasken da kimanin digiri 34.6. In sukarin ya ragu, ko ya rikiɗe ya koma wani abu, digirin ya ragu.

To, rikiɗa shi ne abin da gamma ke yi. Akasarin abin da ke cikin kwalbar ruwa ne, don haka ruwan ne ke fara shan dukan. Gamma na farfasa ƙwayoyin ruwa zuwa wasu gutsattsari marasa haƙuri, waɗanda ba sa iya zama su kaɗai ko na ƙiftawar ido. Da sun samu abin kamawa sai su kama. Mafi zafinsu shi ne wanda masana ke rubutawa OH. Shi ke fizge haidirojin daga jikin ƙwayar sukari, daga nan ƙwayar ta shiga sauye-sauye: wata ta tsinke a mahaɗar da ta haɗa gulukos da furuktos, wata ta koma asid, wata ta koma wasu sinadarai dabam. Sabbin abubuwan ba sa murɗa haske kamar sukarin asali. Furuktos ma hagu yake murɗawa, kuma da ƙarfi. Sakamakon shi ne, gwargwadon radiyeshin da ruwan ya sha, gwargwadon raguwar digirin da folarimita ke nunawa. Ruwan kuma yana ƙara tsami, idan adadin ya yi yawa sosai launinsa ya ja zuwa rawaya. An gwada wannan da sukarin shayi, an gwada da gulukos.

Dalilin da ya sa hanyar ta fi dacewa da babban adadi yana cikin yawan ƙwayoyin sukarin da ke kwalbar. Suna da yawa ƙwarai, gutsattsarin da gamma ke samarwa kuwa kaɗan ne idan aka kwatanta. A ƙiyasi na sama-sama, a irin haɗin giram 26 ɗin nan, kilogire 25 ba zai taɓa fiye da ƙwaya ɗaya ko biyu cikin ɗari ba. Sauyin da za a gani a na'ura bai kai digiri ɗaya ba, amma folarimita mai kyau na iya kama shi. A sauko zuwa gire 100 na doya, sauyin ya ragu sau 250, ya ɓace cikin kuskuren na'urar kanta. Wannan rashin saurin jin duka shi ne amfanin ruwan sukari a ɗaya ɓangaren: inda ma'aunin Fricke ya ƙare a gire 400, shi yana ci gaba da ƙirga a kilogire goma-goma har zuwa ɗaruruwa, domin har yanzu akwai sauran sukari mai yawa da bai lalace ba. Wanda ya ce zai auna hasken da aka yi wa doyar Tamale da ruwan sukari, bai fahimci abin ba. Wurinsa shi ne sirinji, da kayan tiyata, da robar da ake haskawa don ta ƙara ƙarfi, wataƙila da kayan yaji a can saman adadinsu.

Matsalolinsa ma ba ɓoyayyu ba ne, kuma duk macen da ta taɓa ajiye zoɓo ko kunun zaƙi ya kwana a lokacin zafi ta san ta farko. Ruwan sukari abincin ƙwayoyin yis da bakteriya ne. Idan kwalbar ta jima kafin a haska ta, su za su cinye sukarin, digiri ya ragu, a ɗauka aikin radiyeshin ne. A Tamale, inda zafin watan Maris kan haura digiri 40, wannan ba ya ɗaukar dogon lokaci. Dole a haɗa ruwan sabo, da tataccen ruwa na ɗakin gwaji, a kuma ajiye wata kwalbar daga haɗin da ba a haska ba domin kwatantawa. Gulukos na da tasa rigimar: idan aka narka shi yanzu, murɗawarsa na farawa ne daga sama, ta yi ta sauka na sa'o'i kafin ta tsaya, don haka sai an jira ya natsu. Zafin ɗakin haskawa na shafar sakamakon, zafin ɗakin karatu ma haka. Iskar da ta narke cikin ruwan na shiga cikin sauye-sauyen. Kuma bayan an kashe haske sinadaran ba sa tsayawa cak, suna ci gaba da ɗan motsi, shi ya sa ake tsayar da lokaci ɗaya na karantawa a riƙe shi kullum.

Wasu masu bincike sun kauce wa yawancin waɗannan ta hanyar juya tsarin. A Sofiya, babban birnin Bulgeriya, Nicola Yordanov da abokan aikinsa a Cibiyar Kimiyya ta ƙasar sun yi aiki a kan haska busasshen sukari tukuna, sannan a narka shi a ruwa daga baya. Ruwan da aka samu yana shanye wani haske da ido ba ya gani, mai tsawon zango kimanin nanomita 267, kuma shanyewar na ƙaruwa daidai da adadin da sukarin ya sha. Na'urar da ke auna wannan tana cikin kayan aiki na yau da kullum a ɗakunan gwajin jami'o'i da yawa. Busasshen sukari ba ya tsami a hanya, ba ya zubewa cikin kwali.

Busasshen sukarin yana da wata baiwar kuma. A cikin ƙanƙararsa, gutsattsarin da gamma ya haifar ba su da wurin motsi, sai su maƙale a nan na tsawon watanni har shekaru, kuma na'urar maganaɗisu da ake karanta alanin da ita tana iya ƙirga su, har a adadin da bai kai na kashe mutum ba. Wani masani ɗan Japan, Toshiyuki Nakajima, ya ba da shawara a 1988 cewa sukarin gida zai iya zama ma'aunin gaggawa idan hatsarin nukiliya ya auku. An yi amfani da sukarin da aka tarar a gidajen Pripyat, garin da aka kwashe mutanensa bayan fashewar tashar Chernobyl a watan Afrilun 1986, wajen ƙiyasta abin da mazauna suka sha. Hatsari irin wannan ba sai ƙasa na da tashar nukiliya ba. A 1987 a Goiania ta Brazil, masu tsintar tsohon ƙarfe ne suka fasa wata na'urar asibiti da aka yasar, mutum huɗu suka mutu. Kasuwar gwangwan kuwa babu babban garin da ba ta a yankinmu.

Mudu da wanda ya gwada shi

Akwai abu guda da arhar sukari ba ta rage wa tsada. Folarimita digiri take nunawa, ba gire ba. Kafin a ce raguwar kaza na nufin kilogire kaza, sai an haska jerin kwalabe a adadin da aka riga aka sani tabbas, a karanta kowace, a zana jadawali. Sanin wannan adadi kuma yana zuwa ne daga wani ma'aunin da ya fi shi daraja, galibi alanin, wanda aka gwada da na manyan ɗakunan awo irin su NPL a Ingila ko NIST a Amurka. 'Yan kasuwar hatsi a Aboabo sun san wannan tun kafin masana: kwanon awo ba ya zama abin yarda sai an gwada shi da wanda kowa ya amince da shi, kuma kwanon da aka bubbuga gindinsa yana kama da na gaskiya a ido. Sabon buhun sukari, ko sabuwar na'ura, ko sauyin yanayi daga hunturu zuwa bazara, kowanne na iya sa a sake jadawalin.

Wannan ne ya sa har yau ruwan sukari ya fi zama a ɗakunan bincike da na koyarwa, masana'antun da ke haska kayan asibiti don sayarwa kuwa suna riƙe da ma'aunan da ke da rubutacciyar ƙa'ida ta ƙasa da ƙasa. Mai sayen kaya a Turai ba zai karɓi takardar da ta dogara da ma'aunin da hukumarsa ba ta sani ba, kuma yana da gaskiya. A Ghana, tun 2015 akwai doka da ta kafa hukuma mai zaman kanta ta sa ido kan harkokin nukiliya, dabam da hukumar da ke gudanar da cibiyar Kwabenya.

Duk da haka aikin da sukari zai iya yi ba ƙarami ba ne. Zai iya zama ma'auni na biyu mai arha da ake cusawa da yawa cikin kwali don a ga yadda haske ya rarrabu, a bar masu tsadar a 'yan wurare kaɗan. Zai kuma iya zama darasi. Jami'ar Nazarin Ci Gaba da aka kafa a Tamale a 1992 na da sashen aikin gona a Nyankpala, kusa da cibiyar binciken noma ta yankin sabana. Ɗalibin da ya auna sukari a nan, ya aika da shi Kwabenya a haska, ya karanta shi da ya dawo, ya koyi kusan duk abin da ake nufi da awon radiyeshin ba tare da ya kusanci kobalt ba, kuma busasshen sukarin zai jure tafiyar motar dare zuwa Accra da dawowa.

Ga ɗan kasuwar da wata rana za a ce masa ya kai barkono ko citta a haska kafin a fitar da su waje, abin da zai nema a takardar da za a ba shi adadi biyu ne: mafi ƙarancin abin da kayan suka sha, da mafi yawa, duka a kilogire, tare da sunan ma'aunin da aka yi amfani da shi da ranar da aka gwada shi. Abincin da aka haska kuma ana son a rubuta hakan a jikinsa, sau da yawa tare da wata koriyar alama mai siffar tsiro cikin da'ira, wadda ake kira Radura.